Bourneville, likitan da ya ga tushen farfaɗiya a cikin ƙwaƙwalwa

An haifi Désiré-Magloire Bourneville a shekarar 1840 a Garencières, wani ƙauye na ƙasar Faransa. Ya yi karatun likita a Paris, ya kuma yi aiki a ƙarƙashin Charcot a asibitin Salpêtrière, inda ake tara mata masu farfaɗiya da masu taɓin hankali.

A nan ne a 1879 wata yarinya ƴar shekara 15 ta rasu. Tun tana jaririya ciwon yake kayar da ita, ba ta taɓa tafiya ko magana ba. Da Bourneville ya binciki ƙwaƙwalwarta, sai ya tarar da wasu wurare a samanta sun yi fari sun yi tauri, kamar dankalin turawa. Ya danganta faɗuwar tata da waɗannan ƙulluttai, ya wallafa bayanin a 1880. Har yau a Faransa da sunansa ake kiran cutar.

Amma bai ga komai duka ba. Yarinyar tana da ƙuraje a fuska, akwai kuma ƙananan ƙari a ƙodarta. Ya rubuta su, amma bai fahimci cewa ciwo ɗaya ne ba. Sai a 1908 wani likitan Jamus, Heinrich Vogt, ya haɗa farfaɗiyar da raunin hankalin da ƙurajen wuri guda.

Babban aikinsa dai a asibitin Bicêtre ya yi shi, daga 1879 zuwa 1905. Yaran da aka riga aka yanke ƙauna a kansu, shi ya ce a koya masu karatu da sana'a. Ya zama ɗan majalisar dokoki a 1883, ya kafa makarantun horar da ma'aikatan jinya, abin da ya haɗa shi faɗa da coci, domin ƴan mishan mata ne ke riƙe da asibitoci a lokacin. Ya rasu a Paris a 1909.

Ƙulluttan da ya gani ido na iya ganinsu. A 1971 David Taylor da abokan aikinsa a Ingila suka bayyana wata tawaya mai kama da su a ƙwaƙwalwar majinyata 10 da aka yi wa tiyata, wadda galibi sai da madubin likita ake gane ta.