Nicholas Said: Ɗan Kukawa da hotonsa ya faɗi abin da littafinsa ya ɓoye

A ma'ajiyar Ƙungiyar Tarihi ta Massachusetts da ke birnin Boston, akwai wani ɗan ƙaramin hoto da bai wuce tafin hannu ba, na wani baƙar fata cikin kayan sojan Amurka na zamanin yaƙin basasa. Irin waɗannan hotuna ba su ƙirguwa a Amurka, kuma galibinsu fuska ce kawai ta rage, suna ya bi iska. Wannan kam an san mai shi. A rajistar soja sunansa Nicholas Said, amma sunan da aka raɗa masa a Kukawa ta ƙasar Barno shi ne Muhammad Ali ɗan Sa'id. Nauyin hoton ya zo ne daga wani abu guda: mutumin ya rubuta tarihin rayuwarsa da kansa, littafi sukutum, bai ambaci ko sau ɗaya cewa ya taɓa sa kaki ba.

An haife shi wajen shekarar 1836. Mahaifinsa shi ne Barka Gana, ɗaya daga manyan kacallolin Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi. Wannan ba zancen ɗa mai yabon uba ba ne kawai, domin Bature Dixon Denham, wanda ya iso Kukawa a 1823 tare da Hugh Clapperton, ya bi Barka Gana yaƙi zuwa ƙasar Mandara, ya kuma yi dogon bayani a kansa cikin littafin tafiyarsu. Bisa wannan bayani, shi kansa Barka Gana daga ƙasar Hausa aka kawo shi yana yaro, ya tashi bawa a gidan Shehu har ya kai ga riƙe runduna. Uban ya shiga bauta ya fito da sarauta. Ɗan kuwa a gidan sarauta aka haife shi, bauta ta same shi daga baya.

Yana ɗan saurayi, bayan rasuwar mahaifinsa, ya fita daji da abokansa, Buzaye mahara suka auka musu. Aka kora su yamma zuwa Katsina, inda wani falke ya saye shi, daga nan Damagaram, sannan ayari ya ratsa Sahara da shi har Murzuk. Ya ƙare a Tarabulus, yaron shagon wani Baturke mai sayar da taba, wanda ya tafi da shi aikin Hajji. Da suka dawo suka tarar gobara ta cinye shagon, sai aka sayar da shi. Haka ya isa Santambul, ya zama mai kula da lofen Fu'ad Pasha, ministan harkokin wajen Daular Usmaniyya.

A 1853 Yarima Menshikov, jakadan Sarkin Rasha, ya zo Santambul da buƙatun da suka kai ga yaƙin Kirimiya. Da zai koma, yaron Barno yana cikin tawagarsa. A Rasha ya fita daga ƙangin bauta, ya zama baran Yarima Nicholas Trubetzkoy, wanda ya matsa masa lamba har aka yi masa baftisma a birnin Riga a 1855, aka sa masa sunan ubangidan nasa. Shekaru ya yi yana bin Yarima daga Jamus zuwa Italiya, daga Faransa zuwa Ingila, yana tsintar harsuna kamar yadda wasu ke tsintar tsaraba. A Landan ya ajiye aiki da niyyar komawa gida. Sai wani ɗan ƙasar Holan mai suna Rochussen ya lallashe shi ya raka shi da amaryarsa yawon ƙasashen Amurka. Suka sauka a Portland ta jihar Maine a farkon 1860, suka zaga har Haiti, sannan a wani gari na Kanada mutumin ya ranci kuɗinsa ya sulale. Said ya gangaro Detroit ba ko anini, ya kama koyarwa.

A nan yaƙi ya same shi. Jihohin kudu masu riƙe da bayi sun ɓalle a 1861, kuma sai da Shugaba Abraham Lincoln ya yi shelar 'yanta bayi ranar 1 ga Janairun 1863 aka buɗe wa baƙar fata ƙofar shiga soja sosai. Jihar Massachusetts ta kafa runduna ta 54, masu son shiga suka yi yawa har aka kafa ta 55 domin ragowar. Cikin wannan ta biyun Said ya ba da sunansa a 1863. Babu wanda ya tilasta masa. Mutumin da ya ga kasuwar bayi a Katsina da Murzuk da Tarabulus ya zaɓi ɗaukar bindiga a yaƙin da ya kashe bauta a wata ƙasa da ba tasa ba. Kafin a gama, baƙar fata kusan 180,000 ne suka yi wa rundunar ƙasa ta Arewa aiki.

Ba a karɓe su da mutunci ba. Farabiti farar fata na karɓar dala 13 a wata, su kuwa aka ce dala 10, a cire 3 kuɗin kaki. Sojojin runduna ta 54 da ta 55 suka ƙi karɓar ko sisi, har ma da gwamnatin jihar ta ce za ta cika musu gibin daga aljihunta suka ce ba sadaka suke nema ba, daidaito suke nema. Fiye da shekara guda suna aiki babu albashi, iyalansu na cikin yunwa, sai wajen Oktoban 1864 aka biya su cikakke. Rundunar ta yi zama a tsibiran gaɓar South Carolina, ta yi asarar mutane da yawa a gwabzawar Honey Hill ranar 30 ga Nuwamban 1864, ta kuma shiga Charleston a Fabrairun 1865. Said ya kai muƙamin saje, amma daga baya shi da kansa ya nemi a sauke masa igiya domin ya koma aiki a asibitin rundunar. Kanar Norwood Hallowell, wanda ya fara jagorantar rundunar, bai manta da shi ba. Shekaru da yawa bayan yaƙin ya rubuta labarin zanen da ke goshinsa da yadda yake sarrafa Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci.

To, yaya aka yi irin wannan hoto ya tsira da sunansa alhali na dubban abokan aikinsa sun zama marayu? Hotunan wancan zamani ana manna su ne a kan ɗan kati, soja ya sayi dozin, ya aika gida, ya yi musaya da abokai da hafsoshi. Masu tara su a yau suna fara bincike daga bayan katin, ba daga fuska ba. A can ake samun hatimin mai ɗaukar hoto da garinsa. Idan akwai kan sarki na haraji manne, to an san tsakanin Agustan 1864 da Agustan 1866 aka sayar da shi, domin a wannan tsakani kaɗai gwamnati ta sa wa hotuna haraji. Sannan a dubi igiyar hannu, da lambar runduna a hula, da tsarin maɓallai. Daga nan a je ga kundin runduna, inda aka rubuta shekarun kowane soja da tsawonsa da sana'arsa da mahaifarsa. Yanzu har manhajar kwamfuta mai gwada fuska da fuska ake amfani da ita, amma masu hankali cikin masu wannan sana'a sun san kama da wane ba ta wane. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ita ce mafi sauƙi: wani da ya san mutumin ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunansa.

Wannan batu bai yi mana nisa ba. A Gwantu da Kafanchan da Kagoro da Zonkwa, da sauran garuruwan kudancin Kaduna inda aikin soja ya daɗe da zama gado, akwai gidajen da hoton kaka cikin gajeren wandon kaki ke rataye a bango, an dai san ya je Boma, shi ke nan. Alhali hoton na iya magana idan an san inda za a duba. Runduna biyu ta Afirka ta Yamma ce ta yi yaƙi a Boma: ta 81, mai alamar baƙin gizo-gizo a kafaɗa, da ta 82, mai alamar māsu biyu gicciye a cikin gammo. Lambobin yabo na yaƙin duniya na biyu da Ingila ta raba, har da tauraron Boma, galibi babu suna a jikinsu, saɓanin na yaƙin farko. Saboda haka ɗan littafin sallama mai ɗauke da lambar soja ya fi tagullar daraja ga mai bincike, kuma shi ne gara ke fara ci a ƙasan akwati. Tsofaffin da za su iya nuna fuska su faɗi suna kuwa, kowace damina raguwa suke yi.

Mu koma ga Said. Da aka sallame shi a 1865 bai koma arewa ba, ya zauna a kudu yana koyar da 'yantattun bayi karatu a South Carolina da Georgia da Alabama, yana yawo gari-gari yana lacca a kan Afirka. A Oktoban 1867 mujallar Atlantic Monthly ta buga taƙaitaccen labarinsa. A 1873 kuma cikakken littafinsa ya fito a Memphis. A cikinsa ya yi bayanin Kukawa dalla-dalla, da ƙishirwar Sahara, da fadojin Turai. Da ya zo kan Amurka sai ya matsar da shekarar isowarsa zuwa bayan yaƙin, shekarun kaki suka ɓace ɗungurungum.

Masana sun fi karkata ga cewa tsoro da lissafi ne suka sa shi yin haka, kuma da wuya a ga laifinsa. Masu sayen littafin da masu ba shi takardun shaida fararen kudu ne, da yawansu tsofaffin sojojin ɓangaren da aka ci da yaƙi. Zamani ne da 'yan Ku Klux Klan ke ƙona makarantun baƙar fata suna dukan malamansu. Baƙon Afirka mai harsuna da yawa abin kallo ne, ana iya ba shi masauki. Tsohon sajen rundunar da ta taka titunan Charleston da bindiga a kafaɗa kuwa, wani abu ne dabam. Duk da haka, ɓoyon ya bar wa mai karatu darasi mai ɗaci game da littafin baki ɗaya. Wanda ya iya share shekara bakwai daga rayuwarsa domin ya tsira, ba za a ɗauki kowace shekara da ya ambata a matsayin yankan wuƙa ba. Shi ya sa masu nazarinsa ke auna maganarsa da littafin Denham, da takardun jirgin ruwa, da kundin runduna, da wannan ɗan hoto.

Ƙarshen rayuwarsa ya tafi cikin duhu. Littattafai da dama sun ce ya rasu a Brownsville ta jihar Tennessee a 1882. Bai sake ganin Barno ba, kuma kusan shekara ɗari sunansa na kwance. Allan Austin ne ya farfaɗo da shi a 1984 cikin littafinsa kan Musulmin Afirka da aka kai Amurka zamanin bauta. Precious Rasheeda Muhammad ta gano littafin 1873 ta sake buga shi a farkon wannan ƙarni, sannan a 2023 ɗan jarida Dean Calbreath ya fitar da cikakken tarihinsa. Sunan da ya zaɓa wa littafin shi ne The Sergeant, wato Saje, muƙamin da mai shi ya ƙi ambata.