Johann Friedrich Dieffenbach

Johann Friedrich Dieffenbach (1 ga Fabrairu, 1792 – 11 ga Nuwamba, 1847) likitan tiyata ne ɗan ƙasar Jamus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tiyatar gyaran fuska. An haife shi a Königsberg. Ilimin addini ya fara karantawa, ya shiga yaƙin da aka yi da Napoleon, kafin ya koma likitanci ya kammala a 1822. Ya yi aiki a asibitin Charité da ke Berlin, inda a 1839 ya yi wa wani yaro tiyatar harara-garke.

A littafinsa na 1845 ya bayyana yadda ake mayar da kunnen da ya buɗe ya yi nisa da kai. Ana yanke 'yar fata a bayan kunnen, sannan a ɗinke shi da jikin ƙashin da ke bayansa. Dabarar tana da rauni: ba ta sauya siffar guringuntsi, don haka kunnen kan iya sake buɗewa. Edward Ely na Amurka ne ya haɗa da yanke guringuntsin a 1881.

Kusan duk ayyukansa ya yi su ne kafin zuwan maganin sa barci. Ya rasu kwatsam a Berlin yana bakin aiki.