Beau Brummell

George Bryan Brummell, wanda aka fi sani da Beau Brummell (an haife shi ranar 7 ga watan Yuni, 1778, ya mutu ranar 30 ga watan Maris, 1840), Bature ne ɗan ƙasar Ingila da ya yi suna a kan iya sa tufafi. Shi ne mutumin da aka fi dangantawa da asalin shigar maza ta kwat da wando da farar taguwa da laktaye. Bai riƙe sarauta ba, bai kuma taɓa zama tela ba, amma na kusan shekara ashirin manyan Landan suna kwaikwayon abin da ya sa. Laƙabin Beau daga Faransanci ya fito, kuma a Ingila ta wancan zamani ana kiran ɗan kwalisa da shi. Ya ƙare rayuwarsa a Faransa cikin talauci da bashi.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Brummell a birnin Landan. Iyayensa ba 'yan sarauta ba ne. Mahaifinsa, William Brummell, shi ne sakataren Firayim Minista Lord North, kuma a wannan aiki ya tara dukiya. Brummell ya yi karatu a makarantar Eton, inda 'ya'yan manya ke karatu, daga nan ya shiga kwalejin Oriel ta Jami'ar Oxford, amma bai daɗe ba ya bari. Mahaifinsa ya mutu a shekarar 1794.

Aikin soja

A shekarar 1794, yana da shekara 16, ya shiga rundunar sojan doki ta goma, wadda ke ƙarƙashin Yariman Wales, mai jiran gadon sarautar Birtaniya, wanda daga baya ya zama Sarki George na huɗu. Barkwancinsa da tsabtarsa suka ja hankalin Yarima, suka ƙulla abota. Zuwa 1796 ya kai muƙamin kyaftin. Da aka tura rundunar zuwa Manchester sai ya ajiye aikin, domin ba ya son nisa da Landan. Da ya cika shekara 21 ya karɓi gadonsa na dubban fam, ya kama gida a titin Chesterfield cikin unguwar Mayfair.

Salon tufafinsa

A ƙarni na 18 ana gane babban mutum a Turai ne da tsadar kayan jikinsa. Masu hali na sa rigar siliki ko karan-miski mai aikin zinare, da leshi a wuya da hannu, da gajeren wando mai tsayawa a gwiwa, da gashin kanti wanda aka barbaɗa wa hoda. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya fara zubar da darajar wannan shiga, sannan harajin da gwamnatin Birtaniya ta sa wa hodar gashi a 1795 ya ƙara kore ta. Brummell ya zo daidai lokacin da ake neman sabon salo.

Da rana yakan sa kwat na ulu shuɗi mai duhu, da falmaran da dogon wando masu launin ƙasa mai haske, da farar taguwa ta lilin, da baƙin takalmi mai tsawo wanda ya sha gogewa. Da dare kuma sai kwat shuɗi da farar falmaran da baƙin wando. Launukan kaɗan ne, ba aikin zare, ba kayan ƙyalli. Abin da ya fi kula da shi shi ne yankan ɗinki, wato yadda kwat zai zauna a kafaɗa da ƙirji ba tare da tattara ba. Teloli irin su Weston da Meyer da Schweitzer da Davidson ne ke yi masa ɗinki. A ganinsa, idan mutane suka juyo suna kallon mutum a titi saboda kayansa, to ya yi kuskure a shigar.

Ya kuma ɗauki tsabta a matsayin tushen ado. Yana wanka kullum, yana aske gemu, yana goge haƙora, yana sauya taguwa a kai a kai, a zamanin da mutane da dama ke rufe warin jiki da turare.

Ɗaurin wuya

Ƙyallen da ake ɗaurawa a wuya ya girmi Brummell. Faransawa sun ɗauko shi ne a ƙarni na 17 daga sojojin Kuroshiya. Abin da Brummell ya ƙara shi ne sa wa farin ƙyallen sitaci kaɗan don ya tsaya, sannan a naɗe shi a kan doguwar kwalar taguwa, a ɗaure da kulawa. Idan ɗaurin bai yi ba, sai ya yar da ƙyallen ya ɗauki wani. An ce yakan kwashe awoyi yana shiri, kuma manyan mutane, har da Yarima, sukan zo gidansa su zauna suna kallon yadda yake yi. Daga wannan ƙyalle ne laktaye na yau ya samo asali, bayan sauye-sauye da yawa.

Saɓani da Yarima

A shekarar 1811 Yarima ya zama mai riƙon sarauta saboda rashin lafiyar mahaifinsa, Sarki George na uku. Daga nan abotarsu ta yi sanyi. A wani biki a 1813, Yarima ya gaisa da abokan Brummell ya ƙyale shi. Brummell ya rama da yi wa ƙibar Yarima ba'a a gaban jama'a, kuma ba su sake shiryawa ba. Duk da haka ya ci gaba da hulɗa da manya, yana caca a kulob-kulob irin su White's da Watier's tare da mutanen da suka fi shi dukiya nesa ba kusa ba. Gadonsa ya ƙare, bashi ya taru.

Gudu zuwa Faransa da mutuwa

A lokacin dokar Ingila ta yarda a ɗaure mutum saboda bashi. A watan Mayu na 1816 Brummell ya tsere zuwa Calais, a gaɓar tekun Faransa, inda ya zauna kusan shekara 14 yana rayuwa da taimakon tsofaffin abokai. A 1830 aka naɗa shi ƙaramin jakadan Birtaniya a garin Caen, amma aka soke muƙamin a 1832. A 1835 masu binsa bashi suka sa aka ɗaure shi, sai da abokansa na Ingila suka haɗa kuɗi aka sake shi. Ciwon tunjere ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, har mutumin da aka sani da tsabta ya kasa kula da jikinsa. Ya mutu a asibitin masu taɓin hankali na Bon Sauveur da ke Caen yana da shekara 61, aka binne shi a garin. Bai taɓa aure ba.

Tasirinsa

Brummell bai sa kwat da wando na yadi iri ɗaya kamar na yanzu ba. Wannan ya bazu ne a rabin ƙarni na 19 na biyu. Amma ƙa'idojin da ake bi wajen haɗa su nasa ne: kwat mai duhu, taguwa mai haske, ɗinki daidai jiki, sannan a bar ɗan ado a wuya kawai. Mulkin mallaka da kasuwanci suka kai wannan shiga sassan duniya. A arewacin Najeriya, inda babbar riga da kaftani da hula suka fi rinjaye, an fi ganin ta a jikin lauyoyi da ma'aikatan banki.

Kyaftin William Jesse ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1844. An yi finafinai a kansa a 1924 da 1954, kuma a 2002 aka kafa mutum-mutuminsa a titin Jermyn na Landan, titin da ya shahara da shagunan ɗinkin taguwar maza.