Chidambaram Pillai: Lauyan da ya sayi jiragen ruwa don karya kasuwar Turawa a Kudancin Indiya

A ranar 16 ga Oktoban 1906, shekara uku da 'yan watanni bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato, wani lauya mai shekara 34 ya yi rajistar kamfanin jiragen ruwa a garin Tuticorin da ke can ƙasan Kudancin Indiya. Bai mallaki ko kwalekwale ba a ranar. Wanda yake shirin karawa da shi kuwa shi ne British India Steam Navigation Company, kamfanin Turawa da ya riƙe sufurin gaɓar tekun Indiya shekara da shekaru, yake ɗaukar wasiƙun gwamnati da sojojinta, kuma yake yanka kuɗin jirgi yadda ya ga dama.

Sunan lauyan V.O. Chidambaram Pillai. Mai kallon finafinan Indiya na harshen Hindi ba lalle ne ya taɓa jin sunan ba, domin shi ɗan ƙabilar Tamil ne, mutanen Kudu masu harshensu daban da tarihinsu daban. A jihar Tamil Nadu ta yau, yara 'yan firamare sun san shi da laƙabin Batamilen da ya tuƙa jirgi.

An haife shi ranar 5 ga Satumban 1872 a Ottapidaram, wani ƙaramin gari a gundumar Tirunelveli ta wancan lokaci. Mahaifinsa, Ulaganathan Pillai, lauya ne mai rufin asiri. Ɗan ya yi karatu a garinsu da Tuticorin da Tirunelveli, ya taɓa aikin akawu a ofishin gwamnati, sannan ya tafi Tiruchirappalli ya ci jarrabawar ƙananan lauyoyi, ya dawo gida ya fara aiki a 1895. Ya yi suna wajen tsaya wa talakawa a shari'un laifi, abin da ya riƙa haɗa shi da 'yan sanda da ƙananan alƙalai. A 1900 ya koma Tuticorin da zama.

Tuticorin gari ne na gishiri da auduga da masunta, amma babban arzikinsa shi ne tashar jiragen ruwa. Daga nan ake tsallakawa zuwa Kolombo a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau. Dubban 'yan ƙwadagon Tamil da ke zuwa aiki a gonakin shayi na tsibirin ta nan suke bi, haka ma fatake da kayansu. Dukansu jirgin kamfanin Turawan suke shiga, kuma 'yan kasuwar garin sun daɗe suna kuka da tsadarsa da wulaƙancin ma'aikatansa.

Wutar da ta kama daga Bengal

Abin da ya ba su ƙwarin gwiwa ya faru ne a nesa da su. A 1905, Lord Curzon, wakilin Sarkin Ingila a Indiya, ya raba lardin Bengal gida biyu. Gwamnati ta ce lardin ya yi girma ne, 'yan kishin ƙasa kuma suka ce dabara ce ta raba kan Hindu da Musulmi. A wani taro da aka yi a Kalkata ranar 7 ga Agustan 1905 aka yanke shawarar ƙaurace wa kayan Ingila. Aka riƙa tara yadin Manchester ana cinna masa wuta a titi, mutane suka daina sayen gishirin Liverpool, ɗalibai suka tsaya a ƙofar shaguna suna hana ciniki. Wannan yunƙuri shi ake kira Swadeshi, ma'ana abin ƙasarmu.

Ƙaurace wa kaya abu ne mai sauƙin shela, amma wanda ya ƙona rigarsa sai ya sami wata. Shi ya sa yunƙurin ya zo da kafa masaƙu da bankuna da masana'antun sabulu da ashana na 'yan ƙasa. Kowane yanki ya karɓe shi da irin abin da yake da shi. A Bombay da Pune, Bal Gangadhar Tilak ne ya ja ragama, masu masaƙun Bombay da Ahmedabad kuma suka sami kasuwa. A Punjab akwai Lala Lajpat Rai. Lardin Madras kuwa, inda Chidambaram yake, an daɗe ana yi masa kallon lardin da ya yi barci a siyasa, na lauyoyi masu ladabi da rubuta takardun koke.

Chidambaram ya ɗauki Tilak a matsayin jagoransa. Ya fara da ƙananan abubuwa, wajen saƙa da shagon sayar da kayan gida, kafin ya ɗauko babban aikin. A ganinsa, da jirgin ruwa Bature ya shigo Indiya yana ciniki kafin ya zama mai mulki, don haka a kan ruwa ya kamata a taɓa aljihunsa.

An tsara jarin Swadeshi Steam Navigation Company a kan rupi miliyan 1, aka kasa shi hannun jari 40,000, kowanne rupi 25. Ba a sayar wa Bature, sai Ba'indiye ko ɗan Silon ko wani ɗan Asiya. Pandithurai Thevar, wani basarake mai filaye wanda ya kafa ƙungiyar raya harshen Tamil a Madurai, shi ya zama shugaban kamfanin. 'Yan kasuwa Hindu da Musulmi suka zuba kuɗi, haka ma ƙananan mutane da ƙarfinsu bai wuce hannun jari ɗaya ko biyu ba. Kwana shida bayan rajistar, babban kamfanin kuɗi na Turawa a Madras, Arbuthnot & Co, ya durƙushe da ajiyar dubban mutane. Wannan ya zubar da mutuncin kamfanonin Turawa a idon jama'ar Kudu, kuma daga cikin ɓaraguzansa ne aka kafa Indian Bank a 1907.

Da farko hayar jirgi kamfanin ya yi daga wani kamfani mai suna Shawline. Turawan British India suka matsa wa masu jirgin har suka janye. Daga nan Chidambaram ya gane haya ba za ta fisshe su ba. Ya tafi Bombay neman jari da jirgi, ya yi watanni yana bin mutane, da taimakon Tilak da magoya bayansa, har aka sayi jirage biyu, Gallia da Lawoe. A 1907 suka fara zirga-zirga tsakanin Tuticorin da Kolombo da tutar 'yan kishin ƙasa a kansu.

Sai yaƙin farashi ya ɓarke. Kamfanin Turawa ya sauke kuɗin fasinja zuwa rupi ɗaya, na Swadeshi ya sauke zuwa rabin rupi. Turawan suka kai ga ɗaukar mutane kyauta, har da kyautar lema ga wanda ya shiga. Mai jirage sama da ɗari zai iya yin asara a hanya ɗaya na tsawon shekara bai ji a jikinsa ba, mai jirage biyu kuwa kowace tafiya daga jininsa take fita. Ga kuma jami'an tashar da na gwamnati, waɗanda ba su ɓoye ɓangaren da suke ba. Duk da haka fasinjoji da fatake da yawa sun ci gaba da biyan kuɗi suna shiga jirgin 'yan ƙasa alhali ga na kyauta a gefe, kuma wannan ne ya fi tayar wa hukuma hankali.

Maris na 1908

A Disambar 1907 Chidambaram ya halarci taron jam'iyyar Congress a Surat tare da abokinsa, mawaƙi Subramania Bharati. A can jam'iyyar ta dare biyu tsakanin masu sassauci da masu zafi, shi kuma ya tsaya da ɓangaren Tilak. Da ya dawo, wani matashin mai wa'azin siyasa, Subramania Siva, ya iso Tuticorin. Su biyun suka riƙa tara jama'a a bakin teku da yamma suna jawabi da harshen Tamil. Wannan ma sabon abu ne, domin manyan 'yan siyasar lardin da Turanci suka saba magana, a cikin zaure, ga 'yan boko irinsu.

Cikin masu sauraro akwai ma'aikatan Coral Mills, masana'antar kaɗin auduga ta kamfanin Turawa A. & F. Harvey, inda ake aiki daga asuba zuwa dare a kan albashi kaɗan. Ranar 27 ga Fabrairun 1908 suka shiga yajin aiki. Chidambaram ya zama bakinsu, ya tara musu gudummawar abinci da kuɗi, ya zauna da masu masana'antar. Bayan kwana tara kamfanin ya sauko: aka ƙara albashi, aka rage awoyin aiki, aka ba da hutun Lahadi. Ƙauracewar ta wuce kaya ta koma kan mutane, har wanzamai da masu wanki suka riƙa ƙin yi wa masu goyon bayan Turawa aiki.

Hukuma ta sami hanyar da take nema lokacin da suka shirya bikin sakin Bipin Chandra Pal, ɗaya daga jagororin Bengal, wanda ya fito daga kurkuku ranar 9 ga Maris. An hana taron, aka yi shi. Ranar 12 ga Maris, Wynch, babban jami'in mulki na gundumar, wanda matsayinsa ya yi kama da na Razdan a nan, ya sa aka tsare Chidambaram da Siva a Tirunelveli. Washegari garin ya hargitse. Aka rufe kasuwa da makarantu, aka ƙona ofishin hukumar gari, aka far wa ofishin 'yan sanda. 'Yan sanda suka buɗe wuta, mutum huɗu suka mutu. A Tuticorin ma'aikatan masana'anta da masu shara da masu keken doki suka ajiye aiki, ba don albashi ba wannan karon, don an kama mutuminsu. Masana tarihi na lissafa shi cikin yajin aikin siyasa na farko-farko a Indiya.

A watan Yulin 1908 Alƙali Pinhey ya yanke wa Chidambaram shekara 40: 20 don tunzura jama'a a kan gwamnati, 20 don ba Siva mafaka da goyon baya. Siva ya sami 10. Hukuncin ya yi tsauri har wasu da ba sa ra'ayinsa suka yi tir da shi, kuma ɗaukaka ƙara ta rage shi ƙwarai. Amma ba a ɗauke shi fursunan siyasa ba. A kurkukun Coimbatore an ɗaura shi a jikin injin matsar mai na katako, yana zagayawa da shi a rana a madadin sa, kamar yadda doki ke juya injin matse rake a wajen masu mazarƙwaila. Daga baya aka mai da shi kurkukun Kannur.

Kamfanin bai daɗe ba a bayansa. Da yawa cikin daraktocin 'yan kasuwa ne da suka shigo don riba, kuma tun kafin a kama shi suke jin tsoron siyasarsa. Da suka ga abin da ya same shi, kowa ya kama kansa. A 1911 aka rushe kamfanin, kuma jirgin Gallia ya ƙare a hannun kamfanin Turawan da aka saye shi don a kayar. A watan Yunin shekarar, wani saurayi mai suna Vanchinathan ya harbe Robert Ashe a tashar jirgin ƙasa ta Maniyachi, sannan ya kashe kansa. Ashe shi ne jami'in da ke Tuticorin lokacin rikicin 1908, kuma jama'a na ɗora masa alhakin murƙushe kamfanin. A Disambar 1911 ɗin dai gwamnati ta soke rabon Bengal, wanda shi ne mafarin komai.

Da aka sako Chidambaram a Disambar 1912 babu wani taro a ƙofar kurkuku. Cikin 'yan tsirarun da suka zo akwai Siva, wanda kuturta ta kama a tsare. An ƙwace lasisinsa na lauya, an hana shi komawa gundumarsa. Ya zauna a Madras da iyalinsa yana sayar da kayan masarufi da kananzir, mutumin da ya taɓa tara jarin sayen jirage. Tamilawan Afirka ta Kudu sun tara masa gudummawa, kuma ya yi kusan shekara yana musayar wasiƙu da Gandhi a kan kuɗin kafin rupi 347 da 'yan kai su iso hannunsa a 1916.

Zamanin Gandhi bai karɓe shi ba. Shi mutumin Tilak ne, kuma a 1920, shekarar da Tilak ya rasu, ya janye daga Congress saboda saɓani kan sabuwar hanyar gwagwarmaya, ko da yake ya dawo daga baya. Abin mamaki, ƙaurace wa yadin Turawa da komawa ga saƙar gida, wanda Gandhi ya yi suna da shi a duniya, shi ne abin da su Chidambaram suka sha ɗauri a kansa shekara goma sha biyu kafin nan. Ya ci gaba da taimaka wa ƙungiyoyin ƙwadago a Madras, sauran lokacinsa kuma ya ba littattafai. Ya buga tsofaffin sharhohin Tirukkural da Tolkappiyam, manyan littattafan Tamil na da, ya fassara wasu littattafan marubucin Ingila James Allen, ya rubuta tarihin rayuwarsa a waƙe.

Wani alƙali Bature, E.H. Wallace, shi ya taimaka aka mayar masa da lasisinsa, shi kuma ya raɗa wa ɗansa na ƙarshe suna Walleswaran don tunawa da alherin. Ya yi aikin lauya a Kovilpatti, ya koma Tuticorin a 1932, bashi bai rabu da shi ba. Ya rasu ranar 18 ga Nuwamban 1936 yana da shekara 64, shekara goma sha ɗaya kafin Indiya ta sami 'yanci.

A 1961 jarumi Sivaji Ganesan ya fito a matsayinsa a fim ɗin Kappalottiya Thamizhan, gwamnatin Indiya kuma ta buga kan sarki da hotonsa a 1972. Injin man da ya ja yana ajiye a Gandhi Mandapam da ke Chennai. Tashar jiragen ruwan Tuticorin, ɗaya daga manyan tashoshin Indiya a yau, sunansa take ɗauke da shi tun 2011.