Leo Fender: mai gyaran rediyon da bai iya kiɗa gitar ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin biki a Agadez ko Tahoua, ya ji gitar tana kuka ta cikin ampili har ƙirjinsa yana girgiza, to ya ji aikin mutumin da za mu kawo tarihinsa yau, ko da bai san sunansa ba. Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua da duniya ta sani, gitar Stratocaster yake riƙewa da hannun hagu, kuma wannan mutum ne ya fito da ita a 1954.

An haifi Clarence Leonidas Fender ranar 10 ga watan Agusta 1909 a jihar Kalifoniya ta Amurka. Iyayensa manoman lemu ne. Yana ɗan shekara takwas ciwo ya ci idonsa na hagu, aka sa masa na gilashi, kuma wannan ne ya sa ba a ɗauke shi soja ba a yaƙin duniya na biyu. Tun yana yaro ya ga rediyon da wani kawunsa ya harhaɗa da hannu, abin ya shiga ransa. Amma a lakkwal lissafin kuɗi ya karanta, aikin lantarki kuwa shi ya koya wa kansa. Ya yi aikin lissafi a ma'aikatar hanyoyi ta jiharsu, matsin tattalin arziki na shekarun 1930 ya raba shi da aikin. A 1938 ya ranci dala 600 ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton.

A wannan shago makaɗa suka fara kawo masa ampilinsu da suka lalace. Da yake mai gyara ne, ya ga inda kowane ke mutuwa, sai ya ƙudura yin nasa wanda ba ya saurin lalacewa, in ma ya lalace kowane mai gyara zai iya buɗe shi ya gane kansa. A 1946 ya kafa kamfani da sunansa. Bai ƙirƙiro sabon ilimi ba: tsarin wayoyin ya ɗauko shi ne daga littattafan kamfanonin rediyo na lokacin, ya yi ta gyarawa. Ampilin nasa na aiki da wasu kwalabe na gilashi masu kama da ƙwan fitila, waɗanda sai sun yi zafi suke ƙara ƙarfin sauti. Akwatin kuwa ya lulluɓe shi da yadi mai ruwan ƙasa irin na akwatin tafiya. Yakan je wuraren rawa da sukuddirebansa, makaɗa na tsakiyar kiɗa shi yana murɗa kusoshin ampili yana sauraro.

Wani abin dariya a tarihinsa shi ne, Leo sauti garau yake nema, mai tsabta, irin wanda makaɗan karkarar Amurka ke so. To amma waɗannan kwalabe, in aka ƙure musu ƙarfi, sai sautin ya dusashe ya riƙa gurnani. Leo yana ganin wannan aibi ne, ya yi shekaru yana yaƙi da shi. Samarin da suka zo daga baya kuwa gurnanin nan suke nema ruwa a jallo.

Ampilin da ya fi suna cikin nasa shi ne Bassman na 1959, mai lasifika huɗu na inci 10. Don gitar bas aka yi shi, masu gitar ta gaba suka ƙwace shi. A 1962 Jim Marshall, mai shagon kayan kiɗa a Landan, ya kwaikwayi tsarinsa da kayan da ake samu a Ingila, ya fitar da JTM45, daga nan kamfanin Marshall ya tashi. A 1969 kuma wani mai gyara a Kalifoniya, Randall Smith, ya ɗauki ƙaramin ampilin Fender mai suna Princeton, ya kwashe cikinsa, ya zuba masa tsarin Bassman da babbar lasifika ta inci 12. A waje ƙaramin akwati, a ciki zaki. Carlos Santana ya gwada ya yaba, wannan gyara ya haifi kamfanin Mesa/Boogie.

A ɗakunan ɗaukar sauti kuwa, ƙananan ne suka yi tashe, domin ana iya ƙure su ba tare da an kurmantar da kowa ba. Steve Cropper ya yi aiki da Fender Harvard a sitidiyon Stax na Memphis a farkon shekarun 1960. Eric Clapton ya yi amfani da ɗan ƙaramin Champ, mai ƙarfin wat biyar kacal, lokacin ɗaukar faifan Layla a Miami cikin 1970. Neil Young kuma ya sayi tsohon Deluxe na 1959 a kan dala 50 a 1967, daga baya aka ɗora masa wata na'ura mai murɗa maɓallan da kanta in ya taka da ƙafa, aka kuma sa fanka a bayansa don kada zafi ya ƙona shi. Ya shafe shekaru da dama yana ɗaukar faifai da shi.

A farkon 1965 Leo ya sayar da kamfaninsa ga CBS a kan dala miliyan 13. Wata cuta ce ta daɗe tana damunsa, ya ɗauka kwanansa ya ƙare. Bayan ciniki ya sake likita, ya warke sarai, amma kamfani ya tafi, sunansa ma ya tafi da shi, ga kuma sharaɗin ba zai yi gasa da su ba har shekara goma. A 1968 injiniyoyin sabon mai gida suka canza tsarin wasu ampilin, makaɗa da yawa suka ce daɗin ya gudu. Tun daga nan aka sami masu gyara da sana'arsu ke nan: a kawo musu ampilin zamanin CBS, su mayar da cikinsa yadda Leo ya bar shi. A ganina babu yabon da ya kai wannan ga mai aikin hannu.

Da wa'adin ya cika ya koma fagen aiki, ya shugabanci kamfanin Music Man a 1975, sannan shi da tsohon abokin aikinsa George Fullerton suka kafa G&L. Matarsa ta fari, Esther, ta rasu a 1979, ya sake aure a 1980. Ciwon makyarkyata na Parkinson ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa, amma bai daina zuwa teburin aikinsa ba. Ya rasu a Fullerton ranar 21 ga Maris 1991 yana da shekara 81. A 1992 aka sa sunansa a zauren tunawa da gwanayen kiɗan rok na Amurka, shi da har ya bar duniya bai koyi kiɗa gitar ba.