Alexis Carrel: likitan da ya so nama ya dawwama

A watan Yunin 1894 aka daɓa wa shugaban Faransa, Sadi Carnot, wuƙa a birnin Lyon. Wuƙar ta yanke babbar jijiyar jini ta hanta, likitoci suka rasa yadda za su ɗinke ta, shugaban ya rasu. Alexis Carrel, wanda aka haifa kusa da Lyon ranar 28 ga Yunin 1873, yana ɗalibin likita a lokacin. Bayan shekara takwas, a 1902, ya fito da dabarar haɗa bakin jijiyoyi biyu da zare mai laushi ba tare da jini ya daskare a wurin ba.

Da ya rasa gurbin aiki a gida sai ya ƙaura a 1904, ya yi aiki a Chicago tare da Charles Guthrie, sannan ya zauna a Cibiyar Rockefeller ta New York daga 1906. A can ya nuna cewa ana iya ajiye jijiya cikin sanyi kwana da kwanaki, a dasa ta a jikin kare ta ci gaba da aiki. Ya kuma lura cewa gaɓar da aka mayar wa mai ita takan zauna lafiya, wadda aka ɗauko daga wata dabbar kuwa jiki yakan ƙi ta. Wannan aiki ya kai shi ga lambar Nobel a 1912.

A wannan shekarar ya sa ɗan yankin zuciyar tsakon da bai ƙyanƙyashe ba cikin kwalba, ana ciyar da shi. Abokin aikinsa Albert Ebeling ya riƙe shi har 1946, shekara 34. Duniya ta ɗauka cewa nama ba ya tsufa muddin ana kula da shi. Sai a 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead suka tabbatar cewa ƙwayoyin jikin ɗan Adam sukan daina rabuwa bayan kamar sau 50. Masana da dama na ganin sabbin ƙwayoyi ne ke shiga kwalbar tare da abincin.

Ƙarshen rayuwarsa bai yi kyau ba. Littafin da ya wallafa a 1935 ya goyi bayan tace zuri'ar ɗan Adam da kawar da waɗanda ya ɗauka ba su da amfani, kuma a 1941 ya shugabanci wata cibiya ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai haɗa kai da Jamus. An dakatar da shi bayan 'yantar da Paris, ya rasu ranar 5 ga Nuwamban 1944. A 1996 tsangayar likitanci ta Lyon ta cire sunansa.

Tambayar da ya bari, wato tsawon lokacin da naman wata dabba zai yi a jikin mutum, ita ce ta dawo lokacin da aka fara sauya bawul ɗin zuciya, ƙyauren nan da ke hana jini komawa baya. A 1965 aka dasa wa mutum bawul ɗin alade a Paris, amma irin waɗannan na farko sun lalace da wuri. Alain Carpentier ya samo mafita a ƙarshen shekarun 1960, kuma ta saɓa wa mafarkin Carrel: maimakon raya naman, sai a jeme shi da sinadarin glutaraldehyde, kamar yadda majemi ke jima da bagaruwa. A 1971 Marian Ionescu ya fara ɗinka bawul daga tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya a Leeds ta Ingila.

Sai dai jemammiyar fata ma tana ƙarewa. Bawul yana buɗewa ya rufe kimanin sau 100,000 a yini, mataccen nama kuma ba ya gyara kansa. Sannu a hankali sinadarin kalsiyam yakan taru ya sandarar da shi, ko ya yage. Yakan yi shekara 10 zuwa 20, amma a jikin matasa ya fi saurin lalacewa.

Nan ne lamarin ya shafe mu, domin ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a magance ba yara da matasa ya fi kamawa. Matashiyar Yusufari da bawul ɗinta ya lalace tana da zaɓi biyu. Na ƙarfe yana daɗewa, amma sai ta sha maganin tsinka jini na warfarin har ƙarshen rayuwa, tana zuwa gwajin jini a kai a kai, maganin kuma yana iya cutar da ɗan tayi. Na nama yakan sauƙaƙa mata wannan, amma wata tiyatar tana jiranta. Duk jami'in da ke tsara kuɗin jinyar irin wannan mara lafiya ya kamata ya sa tiyata ta biyu a lissafi tun ranar ta farko.