Luwi Na Sha Huɗu, Sarkin Da Ba A Ce Masa A'a

Cikin sarakunan Turai na da, da wuya a sami wanda ya riƙe wuƙa da nama kamar Luwi na Sha Huɗu, Sarkin Faransa. An haife shi cikin 1638, aka naɗa shi cikin 1643 bai ko cika shekara biyar ba, mahaifiyarsa da Waziri Mazarin suka riƙe masa ƙasa.

Yana da shekara goma alƙalai da manyan hakimai suka yi tawaye, har dole aka fitar da shi daga birnin Faris da dare. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka da Mazarin ya rasu cikin 1661, Sarki bai sake naɗa wani waziri ba, ya riƙe ragama shi kaɗai. Malaman fada, irin su Bishop Bosuwe, suka koyar cewa sarauta daga Allah ta ke, ba mai ikon tuhumar sarki sai Shi. Majalisar wakilan ƙasa kuwa, tun 1614 ba a kira ta ba, shi ma bai kira ta ba.

Cikin 1682 ya ƙaura zuwa ƙasaitacciyar fadar da ya gina a Barsai, ya jawo hakimai kusa da shi, waɗanda a da su ke tara mayaƙa suka koma rige-rigen miƙa masa riga da safe.

Amma sarkin da ba mai gaya masa gaskiya, wa zai tare shi in ya kauce? Cikin 1685 ya soke dokar da ta ba Kiristoci 'yan Furotesta 'yancin ibada, mutum wajen 200,000 suka yi hijira zuwa Holan da Ingila da Jamus, suka tafi da sana'o'insu. Yaƙe-yaƙe suka cinye baitulmali, haraji ya yi wa talakawa nauyi, ga yunwar 1709.

Ya rasu ran 1 ga Satumba, 1715, bayan shekara 72 bisa gadon sarauta, ya bar wa tattaɓa-kunnensa, yaro ɗan shekara biyar, ƙasa cike da bashi. Kashegari, tun ba a binne shi ba, alƙalan Faris ɗin nan da ya rufe wa baki suka zauna suka warware wasiyyarsa.